"You alright?" gaisuwa ce ko tambaya? Sarar Turawan Ingila da ta Ostireliya

Maman Khalil:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wata huɗu ke nan da na fara aikin jinya a wani asibiti a Nottingham ta Ingila, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai nake so mu tattauna. Na ci jarrabawar Turanci kafin a ba ni aikin, shekara tara kuma na yi a gida ina rubuta rahoton marasa lafiya da Turanci. Amma da na shiga ɗakin tsofaffi a nan sai na tarar da wani Turanci dabam. Satin farko duk wanda muka yi kiciɓis da shi sai ya ce "You alright?" ya wuce abinsa, bai ma jira amsa ba. Ni kuma in tsaya ina tunanin ko wani abu aka gani a fuskata. Wannan mai sauƙi ne. Wanda ya hana ni barci shi ne na daren Talata. Wata tsohuwa, za ta haura shekara 80, ta kira ni ta ce "I need to spend a penny, duck." Na ɗauka kuɗi take nema, na buɗe durowa ina laluben jakarta. Ashe fitsari take ji. Kafin abokiyar aikina ta iso, baiwar Allah ta ɓata shimfiɗa, ta rufe fuska tana kuka don kunya. Har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. Wannan irin maganar a ina ake koyonta? Kuma in mutum ya koya, ya dace ya riƙa yin ta da bakinsa, ko ya tsaya kan Turancin makaranta?

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma kada ki ɗora wa kanki laifin abin da ba a koya miki ba. "Spend a penny" kunya ce ta haife shi, kamar yadda mu ba ma cewa kashi a gaban mutane, sai mu ce za mu zaga ko za mu kama ruwa. A da banɗakunan jama'a a Ingila sai ka jefa kwabo ɗaya ƙofar ke buɗewa, kuma biyan kwabo don shiga banɗaki ya faro tun babban baje kolin Landan na 1851. Kwabon ya tafi, maganar ta zauna a bakin tsofaffi. "Duck" kuwa ba agwagwa ta kira ki ba. A yankin Nottingham da Derby da Stoke haka ake kiran kowa, mace da namiji, don nuna ƙauna. "You alright?" ita ce "sannu" ɗinsu, amsarta "Yeah, you?" ki wuce.

Tambayarki ta biyu kuma, ra'ayina a fili yake: ki koya don ki ji, kada ki koya don ki faɗa. Sara rigar masu gida ce. In baƙo ya sa ta, ba ta yi masa daidai. Shekara 20 ina koyarwa, ban taɓa ganin wanda Turanci mai tsabta ya kunyata ba.

Injiniya a Perth:
Malam, rabin farko na yarda, rabi na biyu ina da ja. Ni shekara shida ke nan a yammacin Ostireliya, ina aiki da kamfanin haƙar ma'adinai. Wata shida na farko na yi shi da Turanci mai tsabta irin wanda kuke faɗa. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya raina ni, amma ba wanda ya zauna kusa da ni lokacin "smoko", wato ɗan hutun shan shayi na ma'aikata. Daga baya wani dattijo a cikinsu ya kira ni gefe ya ce sun ɗauka girman kai gare ni, saboda ina ce wa kowa "sir" ina cika kalmomi kamar mai karanta labarai. A ƙasar nan wanda ya cika kalma shi ake zargi. Komai gutsure shi suke yi: yamma "arvo", karin kumallo "brekkie", gidan mai "servo", sauro "mozzie", mai gyaran wuta "sparky", kafinta "chippy", ma'aikacin motar asibiti "ambo". Har McDonald's ba su bari ba, "Macca's" suke cewa, kuma a 2013 kamfanin da kansa ya sauya allon wasu rassansa ya rubuta hakan. Ranar da na fara cewa "see you this arvo, mate", ranar aka fara gayyata ta cin abinci.

Malamin Turanci:
Injiniya, ka tabbata kalmar ce ta buɗe maka ƙofa, ba sakin fuskar da ka yi ba?

Injiniya a Perth:
Malam, a can kalmar ita ce sakin fuskar. In Bature ya zo Kano ya shekara yana ce wa mai shago "barka da asuba, ina buƙatar sukari", za a sayar masa. Amma ranar da ya ce "Alhaji ya kasuwa, a ba ni na ɗari biyar", ranar za a ba shi kujera.

Uwargida Sydney:
Bari in ƙara wa Injiniya hujja, duk da ni abin da ya same ni na rashin ji ne. Makarantar 'yata ta aiko da takardar taron iyaye, a ƙasa an rubuta "bring a plate". Na ce ikon Allah, ashe ba su da isassun kwanuka. Na wanke faranti huɗu masu kyau na tafi da su. Ina shiga na ga kowa ɗauke da abinci, wannan kek, wannan soyayyar kaza. Ma'anar ita ce kowa ya zo da abincin da za a haɗu a ci. Wata mata ta lura da ni, ta karɓi farantan ta ce daman ana nema, ta juye rabin abincinta a ɗaya ta miƙo mini in ajiye a tebur. Ba zan manta da ita ba. Daga baya na ji cewa baƙi da yawa sun faɗa wannan ramin tun zamanin da Italiyawa da Girkawa suka yi ta zuwa bayan yaƙin duniya na biyu. A taro na gaba na kai dambun nama da cincin, ba a bar ko ɓurɓushi ba.

Wani kuma da ya kamata mai zuwa nan ya sani: "thongs" a Ostireliya silifas ne, a Ingila kuwa kamfai ne na mata. Kada mutum ya ɗauki na nan ya kai can.

Baba Tsohon Akawu:
'Ya'yana, ina karanta ku ina tuna da. Na fara aiki a 1968, lokacin muna kashe fam da sule. Turawan da suka rage a ofishinmu ba sa cewa shilin, sai "bob". Sisi kuma "tanner". Fam ɗaya "quid". Mu kuma muka ɗauki nasu muka mayar da shi namu: kwabo daga kalmarsu ta jan ƙarfe ya fito, sule daga shilin, fam daga sunan kuɗinsu. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Ostireliya ta koma dala a 1966, Ingila ta watsar da sule a 1971, mu muka koma naira a 1973. Amma har yau tsoho a Ingila zai ce abu ya kai "a few bob", kamar yadda mu muke cewa ba ni da ko sisi, alhali jikokina ba su taɓa ganin sisi da idonsu ba. 'Yata mai jinya, tsohuwar nan da kuɗin ƙuruciyarta ta yi miki magana. Ki riƙe wannan, za ki ƙara jin irinsa a ɗakin tsofaffi.

Maman Khalil:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. "Quid" kam ina jin sa kullum. Jiya mai tasi ya ce "a tenner, love", wannan na gane fam 10 ne.

'Yar Damagaram:
Ni ta Faransanci na biyo, Turancina na koyo ne. Na ji ana maganar wata sara ta Landan wadda ake faɗin wani abu ana nufin wani, wai sai kalmomin sun yi amo ɗaya. A Faransa matasa suna da "verlan", suna juya kalma baya ta koma gaba, kamar zaurancen da muke yi muna yara don kada manya su gane. Ta Landan ɗin haka take?

Malamin Turanci:
Ƙanwata kin taɓo inda nake so. Manufar kusan ɗaya ce da zaurance, amma dabarar ta fi zurfi. Sarar Cockney ce, mutanen gabashin Landan, 'yan kasuwar titi da 'yan dako. A al'adarsu cikakken Cockney shi ne wanda aka haifa inda ake jin ƙararrawar cocin St Mary-le-Bow. Sarar ta fito a ƙarni na 19, kuma a 1859 wani mai buga littattafai, John Camden Hotten, ya riga ya tara wasu a ƙamus.

Ga yadda ake yi. Kana son ka ce "look". Sai ka nemo jimla mai ƙarewa da amon kalmar, "butcher's hook", ƙugiyar mahauci. Sannan ka yar da kalmar da ta yi amon, ka bar ta farko. Sai ka ji an ce "have a butcher's", ma'ana duba nan. Wanda bai san jimlar asali ba, ko ya kwana yana tunani ba zai haɗa mahauci da dubawa ba. Haka "use your loaf" yake, daga "loaf of bread" zuwa "head", wato yi aiki da kanka. "Porkies" ƙarya ce, daga "pork pies" zuwa "lies". "Barnet" gashin kai ne, daga "Barnet Fair", wata tsohuwar kasuwar dawakai a arewacin Landan, zuwa "hair". "Me old china" abokina ne, daga "china plate" zuwa "mate".

Abin da ya fi burge ni shi ne yawancin Turawan da ke cewa "porkies" ko "use your loaf" yau ba su san daga Cockney suka samo ba. Wanda kowa ya sani, "apples and pears" a matsayin matakala, shi ne kuma ba ka cika jin sa a bakin kowa ba sai in ana yi wa baƙo misali.

Ɗalibi a Landan:
Malam gaskiya ne, kuma zan ƙara. Ina zaune a gabashin Landan ɗin shekara biyu, ban ji wani saurayi ya yi Cockney ba. Tsofaffin Cockney da yawa sun koma Essex. Abin da matasa ke yi yanzu gauraye ne, na Jamaika da na Afirka da na Larabci. "Wagwan" gaisuwa, "mandem" abokai maza, "bare" da yawa, "peng" mai kyau, "innit" a ƙarshen kowace magana. Ranar da na fi mamaki a cikin bas ne, yaro Bature fari sol, ba Musulmi ba, yana rantse wa abokinsa "wallahi bro". Daga abokansa 'yan Somaliya da Larabawa ya ɗauka. To Malam, in sara rigar masu gida ce, wannan yaron rigar wa ya sa?

Malamin Turanci:
Tambaya mai kyau. Amma ka lura, yaron tare suka tashi da masu kalmar, makaranta ɗaya, filin ƙwallo ɗaya. Bai haddace ta daga jeri a intanet ya fito da ita washegari ba. Wannan nake gudar wa Hajiya.

Abu Sumayya:
Ni damuwata dabam ce, kuma ina ganin an tsallake ta. Da yawa daga cikin wannan sarar ashar ce, wata kuma ta mashaya ce. Musulmi ya ɗauki kalma bai san tushenta ba, ya riƙa maimaitawa. Ko wannan "wallahi" da ɗalibinmu ya kawo, ni ba daɗi na ji ba, sunan Allah ne ya zama abin cika baki. Akwai kuma "bint". Larabci ne tsantsa, 'ya mace, muna sa shi a sunayen 'ya'yanmu. Sojojin Ingila da suka zauna a Masar suka ɗauke shi suka kai gida, yau in aka ce wa mace haka a can cin mutunci ne. Sai a yi hattara.

Injiniya a Perth:
Ustaz, hattarar wajibi ce, amma ita ma hujja ce ta a koya. Wanda bai san kalmar ba ai shi ne zai faɗa ciki. Misali "my shout". Asalinsa na mashaya ne, wanda zai biya wa kowa. Amma yau a wurin aiki in an je shan kofi wani zai ce "my shout", ma'ana ni zan biya. In an yi maka sau biyu ba ka taɓa cewa naka ba, an sa ka a layin marowata ba tare da an gaya maka ba. "Cheers" ma haka, a Ingila na gode ne kawai, direban bas ake ce wa. Ashar kuwa gaskiyarka, a wurin haƙar ma'adinai kamar ruwan sama take. Ni ban taɓa yi ba, kuma ba wanda ya ƙi ni don haka. Sun ma lura, wasu suna rage ta in ina wurin.

Abu Sumayya:
To alhamdu lillah. In dai mutum zai tace, ba ni da ja. Ba duk abin da sojojin suka kwaso ne ya lalace ba. "Have a shufti", wato duba, daga "shuf" na Larabci ne, wannan ba laifi.

Malamin Turanci:
Ƙwarai. Daga Indiya ma sun kwaso da yawa: "pukka" abu na gaske, "cushy" aiki mai sauƙi, "doolally" wanda kansa ya taɓu, daga sansanin soja na Deolali inda sojoji ke zaman jiran jirgin komawa gida har wasu su zauce. "Blighty" da suke kiran Ingila da shi ma daga can ne, kuma in ka bi saiwarsa za ka isa ga "wilaya" ta Larabci.

Ɗalibi a Landan:
Akwai wanda maigidan da nake haya ke yawan faɗa, "Bob's your uncle", in ya gama nuna maka yadda ake abu. Kamar a ce shi ke nan, magana ta ƙare. Na karanta cewa asalinsa firaminista Robert Cecil ne, Lord Salisbury, da ya naɗa ɗan 'yar uwarsa Arthur Balfour babban sakataren Ailan a 1887. Wato in Bob, laƙabin Robert, kawunka ne, komai ya zo da sauƙi. Sai na ce ashe su ma sun san hanya.

Malamin Turanci:
Naɗin ya faru, dangantakar ma gaskiya ce. Amma maganar ba ta bayyana a rubuce ba sai a shekarun 1920, kusan shekara 40 bayan naɗin. Abin da aka yi don zolayar gwamnati a ƙasar da jaridu suka yi yawa ba zai ɓuya tsawon haka ba. Labari ne mai daɗi da aka ɗinka wa maganar daga baya.

Injiniya a Perth:
Abin da Malam ya yi wa labarin nan, a nan sai a ce ya nuna "furphy" ne. Kuma ita wannan kalmar tarihinta a tsaye yake. Wani maƙeri ne, John Furphy, a garin Shepparton na jihar Victoria, yake ƙera amalanken ruwa da sunansa a jikin tankin. A yaƙin duniya na farko sojojin Ostireliya sukan taru a bakin amalanken su sha ruwa su yi ta baza jita-jita. Sai labarin ƙanzon kurege ya ci sunan tankin. Har a majalisarsu ana faɗar ta.

Irin waɗannan ne suka sa na ƙaunaci sarar ƙasar nan, kusan kowace da labarinta. "Drongo" wawa ne, ana danganta shi da wani dokin sukuwa na shekarun 1920 da bai taɓa zuwa na ɗaya ba. In aka ce kana da "Buckley's chance", to ba ka da rabo. Wasu na cewa daga William Buckley ne, fursunan da ya tsere a 1803 ya zauna da mutanen Wathaurong shekara 32 har aka fitar da rai da shi, sai ga shi ya fito a 1835. Wasu kuma na cewa wasa ne da sunan wani kanti a Melbourne, Buckley & Nunn, don "Nunn" ya yi amo da kalmarsu ta babu. Sannan ga na daji. Wanda aiki ya sha masa kai zai ce yana "flat out like a lizard drinking", ya baje kamar ƙadangare na shan ruwa. Mai taɓin hankali kuma an ce dabbar kangaru ta ɓalle a makiyayarsa ta sama. Duk wanda ya tashi da karin magana zai ji daɗin wannan.

Uwargida Sydney:
Yaya Injiniya kada ka manta da masu ƙasar na asali. "Hard yakka", aiki mai wahala, daga harshen Yagara ne na yankin Brisbane. "Cooee", kiran da ake yi a daji, daga harshen Dharug ne na nan Sydney, shi ya sa in abu na kusa sai a ce yana "within cooee". Malamar 'yata ce ta gaya mana, ita ma jininsu ce, ta ce mutane na faɗar kalmomin kakanninta kullum ba su san na wa ba ne, alhali harsunan da kansu da yawa sun mutu ko suna gargara. Yadda ta faɗa ya taɓa ni ƙwarai.

Baba Tsohon Akawu:
Ɗana Injiniya, abu ɗaya ne ban gane ba. Ka ce kana ce wa mutane "mate". Har da shugabanka?

Injiniya a Perth:
Har da shi Baba, kuma shi ma haka yake ce mini. Na san da nauyi a kunnenku, ni ma wata uku na yi kafin bakina ya iya. Tarihinsu ne ya kawo haka. Daga 1788 zuwa 1868 Ingila ta kwaso fursunoni sama da 160,000 ta zube a nan, mutanen da ba su da kowa sai na kusa da su. Sai suka tashi da ƙin duk wanda ke ɗaga kafaɗa. A 2005 an taɓa ba masu gadin majalisar tarayya a Canberra umarnin su daina ce wa mutane "mate". Ƙasar ta ɗauki zafi, har firaminista John Howard ya soki umarnin, washegari aka janye shi. Amma Baba akwai sharaɗi. Murya ce ke ɗauke da ma'anar. In aka ja ta da fara'a, zumunci ne. In aka datse ta aka ce "listen, mate", to faɗa ya kusa.

Zolaya ma haka. In sun fara tsokanarka sun laƙa maka suna, sun karɓe ka ke nan. Wanda ba sa so shi suke yi wa ladabi. Tsakaninsu da Turawan Ingila, waɗanda suke kira "Poms", kamar wasan Fulani da Barebari ne, musamman lokacin gasar kurket ta Ashes. Sai dai kamar namu, mai wasan ne ke da izinin faɗa. Ni ban taɓa ce wa Baturen Ingila "Pom" ba.

Malamin Turanci:
To Injiniya ai ka dawo gidana. Ka zaɓi "arvo" da "mate" ka bar "Pom" da ashar. Wato kana da ma'auni.

Injiniya a Perth:
Ina da shi Malam, amma ku cewa kuka yi kada ta faɗa sam. Ni kuma na ce ta fara da ƙanana waɗanda take ji kullum a bakin abokan aikinta, "cheers", "ta" (na gode), "cuppa" (kofin shayi), "no worries" (ba komai). In tsohuwa ta ce mata "duck", ba laifi ta ce mata "love". Wanda bai zauna mata a baki ba ta bar shi.

Malamin Turanci:
"Love" ga tsohuwa mara lafiya, na yarda. Ga babban likita, ban yarda ba. Kuma ina nan kan bakana game da sauran.

Likita a Leeds:
Na makara, ina kan aiki. Anti Maman Khalil, bar su Malam da Injiniya su ƙarasa, ni ga abin da ya shafi aikinmu kai tsaye. Haɗarin da ya fi girma ba a kalmomi masu ado yake ba, a rage magana yake. Baturen Ingila, musamman tsoho, ba ya cewa yana jin ciwo mai tsanani. Zai ce "a bit poorly", ko "not too clever", ko "I've had a funny turn". Na taɓa karɓar wani dattijo manomi da ya ce "just a bit of a niggle" yana nuna ƙirji. Da muka yi gwaji, bugun zuciya ne sosai. Da na auna maganarsa da ma'aunin gida, inda mai ciwo ke salati yana kiran Allah, da na sallame shi. "Funny turn" na iya zama jiri, na iya zama farkon shanyewar ɓarin jiki. "Waterworks" mafitsara ce. "Down below" al'aura. "Been sick" amai ya yi, ba rashin lafiya kawai ba. "Tea" a arewacin Ingila abincin dare ne, don haka in kin tambaya ko ya ci abinci ya ce ya yi "tea", kada ki rubuta shayi kawai ya sha, musamman mai ciwon sukari. A Ostireliya kuma na ji abokan aiki na cewa "crook" ne mara lafiya.

Haka yake a ofis. "Not bad" yabo ne. "Quite good" sau da yawa bai kai yabo ba. In babba ya fara da "with the greatest respect", to bai yarda da ke ba ko kaɗan. Mu da muka san habaici da kara bai kamata wannan ya ba mu wuya ba, sai dai ba a gaya mana cewa Turawa ma suna yi.

Dabarata ita ce ƙaramin littafi a aljihu. Duk abin da na ji ban gane ba, nan take nake cewa "me kike nufi da wannan?" Tsofaffin nan suna jin daɗin a tambaye su, wani ma sai ya ba ki labarin kakarsa.

Maman Khalil:
Likita Allah ya saka da alheri, wannan na "been sick" ma ya taɓa rikita ni. Na sayi littafin yau da safe. Tsohuwar nan tana nan, an ce sai Litinin za a sallame ta. Da na shiga aikin dare na je gadonta na tambaye ta a hankali ko tana so ta yi "spend a penny" kafin ta kwanta. Ta dube ni ta kama hannuna ta ce "ooh, you're learning, duck." Malam ku yi haƙuri, na faɗa da bakina.

Shafin farko har ya kusa cika. Wani dattijo ya ga na sa rigar sanyi biyu a cikin ɗaki ya ce ni "nesh" ce, abokiyar aikina ta ce mai saurin jin sanyi ke nan. Burodin da ake ba su da miya kuma "cob" suke ce masa. Amma akwai ɗaya da ban samu damar tambaya ba, don an kira ni wani gado: wata ta ce maƙwabciyarta ta cika "mardy" tun safe. Wa ya san wannan?

Likita a Leeds:
Mai fushi da kumbure-kumbure, kamar yaron da aka hana alewa. Ki duba maƙwabciyar da kyau Anti, in ba halinta ba ne. Tsoho in ya sauya hali dare ɗaya, sau da yawa ciwon mafitsara ne ke tasowa.